Matakan ɗibar samfuri idan kifaye sun mutu kusa da masana'anta

1. A sa safar hannu. A ɗauki hoto, a rubuta rana, lokaci da irin kifayen da suka mutu.

2. A lura da yanayin mutuwar. Idan manya ne suka fara mutuwa da asuba suna haƙi a saman ruwa, galibi ƙarancin iskar shaƙa ne. Guba kuwa takan fara da ƙanana, har kwaɗi ba ta bari.

3. A ɗebi ruwa lita ɗaya a wuri uku: kafin magudanar masana'antar, bakinta, da bayanta. Ba tare da na farkon ba, babu abin kwatantawa. Kwalba don maganin ƙwari da mai, sabuwar gorar roba don ƙarafa irin kuromiyam na majema. A gaggauta, ruwa ba ya jira.

4. A zaɓi kifi biyar masu jan kunne (wurin shaƙar iskarsu a gefen kai), wato waɗanda ba su ruɓe ba. Kowanne da ledarsa da lambarsa, cikin ƙanƙara. Ban da fomalin (sinadarin hana ruɓewa), yana lalata gwajin guba.

5. A kai ɗakin gwaji cikin awa 24, a sanar da NESREA (hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta Najeriya), a hana ci da sayarwa.