Yadda ake zaɓar sifirit mara haɗari don narkar da shelak

Shelak wani irin danƙo ne da wani ƙaramin ƙwaro yake fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan. Ana kankare shi a tace, a sayar da shi ɓarɓashi-ɓarɓashi, launinsa daga ruwan zuma zuwa ja mai duhu, kamar ƙaron da aka farfasa. Ruwa ba ya narkar da shi, haka ma fetur da kananzir. Sifirit ne yake narkar da shi a shafa wa katako ya yi ƙyalli, kuma a nan kafintoci da yawa suke shiga matsala, domin kwalabe uku za su iya ɗauke da suna ɗaya, "sifirit", alhali abin da ke cikinsu ya sha bamban. Wani zai ba ka ƙyalli, wani ya ɓata maka katako, wani kuma idonka zai taɓa.

Mataki na farko: ka san irin sifirit ɗin da ke kasuwa

Iri uku ne za ka riƙa cin karo da su. Itanol shi ne na farko. Yana narkar da shelak da kyau, yana bushewa ba da gaggawa ba ba da nawa ba, kuma cutarwarsa ga mai aiki ba ta kai ta sauran ba. Aisofurofil yana aiki shi ma, sai dai ɓarɓashin yakan daɗe bai narke ba, shafin kuma yana jinkirin bushewa. Wannan jinkirin ba aibi ba ne a kowane lokaci: idan da burushi kake shafawa a tsakiyar zafin bazara, yakan ba ka damar daidaita shafin kafin ya kama.

Na uku shi ne mitanol, kuma shi ne wanda za ka guje wa. Gaskiya yana narkar da shelak cikin sauri fiye da kowanne, ga araha, shi ya sa ake cusa shi. Amma guba ne. Ba sai an sha shi ba: yana shiga jiki ta numfashi, yana ratsa fata. Idan ya shiga, hanta tana mayar da shi wani sinadari mai lalata jijiyar ido. Abin da bai wuce mililita 10 ba, idan aka sha, zai iya makantar da mutum. Shi ne ya kashe mutane a jihohin Ondo da Ribas a 2015 bayan sun sha barasar gargajiya da ta gurɓata da shi. Kai da za ka yini a shago kana goga tsumma jiƙe da shi a kan teburi, hannu ba safa, kullum kana ɗan ɗiba ne ba ka sani ba.

Mataki na biyu: karanta jikin kwalba

Hanci ba zai raba maka itanol da mitanol ba, ƙamshinsu ya yi kusa, kuma dukansu farare ne kamar ruwa. Rubutun jikin kwalba ne kawai madogara. Yawancin sifirit na sana'a itanol ne da aka zuba wa wani abu don kada a sha shi. Tambayar ita ce me aka zuba, kuma nawa ne. A Tarayyar Turai an koma amfani da ɗan aisofurofil da wani sinadari mai tsananin ɗaci. A Amurka kuwa akwai gwangwanayen da mitanol ɗin cikinsu yake kai rabi. Saboda haka suna ɗaya, haɗi daban.

Idan daga dillalin sinadarai kake saya, nemi takardar bayanin kayan. Kowane sinadari yana da lambarsa da ba ta canzawa ko da an sauya masa suna: itanol 64-17-5, aisofurofil 67-63-0, mitanol 67-56-1. Rubuta su a wayarka. In ka ga ta ƙarshen a sahun gaba a jerin abubuwan da ke ciki, ko kuma tana da kaso mai yawa, mayar musu da kayansu. Wanda kuma aka ɗura a tsohuwar gorar ruwa ba rubutu ba komai, ko mai shagon ya rantse maka, shi ma sau da yawa bai san abin da aka kawo masa ba. Ka bar shi.

Mataki na uku: duba ƙarfinsa

Shelak da ruwa ba sa ga maciji. Kana buƙatar itanol mai ƙarfin kashi 95 cikin ɗari ko sama, aisofurofil kuma mai kashi 99. Wanda ake sayarwa a kyamis mai kashi 70 na goge fata ne kafin allura. Ragowar kashi 30 ɗin ruwa ne, zai bar maka ɓarɓashin a dunƙule a gindin kwalba, shafin kuma ya fito da hazo-hazo. Akwai kuma sifirit na asibiti da ake sa wa man zurma, wanda zai hana shafin ƙanƙamewa. Man wanke hannu na zamanin korona ma kada ka fara, akwai abin sa kauri a ciki.

Gwaji mai sauƙi: ɗiga kaɗan a kan gilashi mai tsabta ka jira. Sifirit na ƙwarai zai tashi ya bar gilashin fes. In ka ga maiƙo ko ɗigon ruwa ya rage, ba na aikinka ba ne. Wani sifirit ɗin kuma ana rina shi da launin shuni don gargaɗi. A kan maɗaci ba za a lura ba, amma a kan farin katako yakan ɗan nuna.

Mataki na huɗu: haɗawa

Auna da sikeli, kada ka yi da ka. Giram 120 na shelak a lita ɗaya ya isa shafin farko mai toshe ƙofofin katako. Giram 240 a lita shi ne haɗin aikin yau da kullum. Ga ƙaramin aiki, giram 60 a rubu'in lita ya wadatar. Daka ɓarɓashin ya yi laushi, zuba a kwalbar gilashi mai murfi, ƙara sifirit, ka riƙa girgizawa lokaci-lokaci har ya kwana. Kada ka yi amfani da gwangwanin ƙarfe, yana sa shelak ya yi baƙi. In sanyin hunturu ya hana shi narkewa, tsoma kwalbar a ruwan ɗumi, amma kada ka kusantar da ita ga wuta. Bayan ya narke sai ka tace da ƙyalle mai laushi.

Mataki na biyar: kare kanka yayin shafawa

Ko itanol mai kyau ne, tururinsa yana kama wuta tun a zafin da bai wuce digiri 13 ba, wato a ƙasarmu kusan kullum a shirye yake. Harshen wutarsa kuma da rana da ƙyar ake ganinsa. Ba sigari, ba murhun mai shayi a gefe, ba mai walda kusa. Buɗe ƙofa da taga iska ta ratsa, ka sa safar hannu ta roba da tabarau. Takunkumin ƙura da kake sawa lokacin goga samfefa ba ya tare tururi ko kaɗan, kada ya ruɗe ka. In kai ko yaron shagonka ya fara jin ciwon kai da jiri, ko yana ganin dishi-dishi, ku fita waje, ku tafi asibiti da kwalbar a hannu don likita ya ga abin da aka shaƙa. Alamomin mitanol sukan yi sa'o'i kafin su bayyana, don haka kada a ce bari a ga gobe.

Da damina laimar iska takan sa shafi ya yi fari ko da sifirit ɗin mai kyau ne. Jira rana ta buɗe. Ka kuma rufe kwalbar sifirit da zarar ka ɗiba, domin yana zuƙar danshi daga iska.

Shelak da aka haɗa ba ya daɗewa. Rubuta kwanan wata a jikin kwalbar, in ya haura wata shida ka gwada shi kafin ya hau kayan mutane: shafa kaɗan a gilashi, ka dawo bayan awa ɗaya ka danna da farce. In ya yi tauri ci gaba da aiki, in yana danƙo zubar da shi ka haɗa sabo.