Darasi na 9: Bin sawun aiki da jadawalin kwamfuta

A ce ƙungiyarku ta manoman albasa a Tawa ta tara kuɗi don gina ɗakin ajiya. Mako uku da farawa, shugaba ya tambayi magini inda aka kwana, sai ya ce, "Alhaji, aiki ya yi nisa." To, nisa nawa? Jadawali ne zai faɗa.

Buɗe Excel a kwamfuta ko a waya. Idan babu, LibreOffice Calc kyauta ne, aikinsu ɗaya. Za ka ga gidaje a jere: layukan tsaye suna da haruffa, na kwance suna da lambobi. Gidan da B ya haɗu da 2 sunansa B2.

A layi na 1 rubuta kanu. A: aiki. B: abin da aka tsara. C: abin da aka gama. D: kuɗin da aka ware. E: kuɗin da aka kashe. Kowane aiki da layinsa: buga bulo, tushe, bango, rufi.

Mu ɗauki bulo, a layi na 2. An tsara 2000, an buga 800. An ware jika 300, jika 180 sun fita. Rubuta 300000 da 180000, lamba zalla. Idan ka sa kalmar "jika" a gidan, na'ura ba za ta lissafa ba. Nan masu koyo suka fi tuntuɓe.

A gidan F2 rubuta =C2/B2, a G2 kuma =E2/D2, ka danna alamar %. F2 zai nuna 40, G2 ya nuna 60. Wato aiki kashi 40 cikin 100, kuɗi kashi 60. Kuɗi ya riga aiki. Kada ka yi saurin zargin magini. Wataƙila siminti ya hau, wataƙila an saye shi gaba ɗaya yana ajiye. Amma a tambaya yau, tun da sauran kuɗi a hannu.

Don jimillar abin da aka kashe rubuta =SOMME(E2:E5), tunda yawancin na'urorinmu da Faransanci suke. Mai Turanci SUM take ji.

Ware rana ɗaya, misali kowace Asabar: je wurin ginin, ƙirga da idonka, karɓi rasidi, sannan ka cika C da E.

Aikin gida: zuwa mako na huɗu, jimillar bulon da aka buga ta kai 1500, kuɗin da aka kashe ya kai jika 240. Shigar da su. Wanne ke gaba yanzu, aiki ko kuɗi?