Yadda ake gano tushen ƙugi da ƙara a jitar lantarki a gida

Mafi yawan ƙugin da jitar lantarki take yi a gida ba lalacewar jita ba ne, kuma ba ya buƙatar a sayi sabon abu. Wutar gida ce take shiga inda bai kamata ba, kuma ƙofofin da take bi ba su da yawa: fikof, wato naɗin waya da maganaɗisu da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, sai wayar da ta haɗa jita da amfilifaya, sai fedoji, wato ƙananan akwatunan canza sauti da ake takawa da ƙafa, da cajarsu, sai amfilifayar kanta, sai soket na bango. Aikin shi ne a rufe ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya har a ga wadda ƙarar take bi. Wanda ya canza abu uku a lokaci guda, ko da ƙarar ta tafi, bai san me ya kore ta ba, kuma za ta dawo.

Fara da kunne

Wutar Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Shi ya sa ƙugin da ake ji a nan ya ɗan fi na can kauri. Tsirkiya mafi kauri a jita tana kaɗawa kusan sau 82 a daƙiƙa, saboda haka ƙugi mai 50 yana ƙasa da duk wani sauti da jitar za ta iya fitarwa. Idan abin da kake ji ke nan, mai laushi, mai zurfi, to maganaɗisun wuta ne yake shiga fikof, ko kuma hanyoyin atin, wato wayar da ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa, sun zama biyu.

Akwai wani ƙugin da ya ninka wannan, mai 100. Danna tsirkiya mai kauri a gaɓa ta uku ka kaɗa, sautin yana kusa da 98. In ƙugin ya yi daidai da wannan sautin, zargi ya koma kan ɓangaren da ke tace wuta a cikin amfilifaya ko cikin cajar feda.

Ƙara mai kaifi kuwa, irin ta ƙudan zuma, yawanci daga kayan zamani take: ƙwan fitila mai araha, cajar waya, inbata, abin rage gudun fanka. Ƙaraf-ƙaraf da ke zuwa yana tafiya alamar wurin da ya saki ne ko datti. Shuu mai kama da iska kuma na amfilifayar da aka ƙure wa ƙarfi ne, ba ruwansa da wutar bango.

Amfilifaya ita kaɗai

Zare komai daga amfilifaya, bar ta da wayar wuta kawai. Kunna, murɗa bolum zuwa inda ka saba wasa. Idan shiru ne, ko ɗan shuu kaɗan, ta fita daga zargi, wuce gaba.

Idan tana ƙugi ba tare da an saka mata komai ba, mayar da bolum sifili. Ƙugin da bai damu da bolum ba yana bayan matakin ƙara sauti ne, kuma galibi kafasitocin tace wuta ne, wato ƙananan kayan da ke tara wuta a cikin amfilifaya, suka tsufa. Zafi yana busar da su, amfilifayar da ta shekara goma sha biyar ko ashirin a ɗaki mai zafi ba abin mamaki ba ne ta buƙaci sababbi. Ƙugin da yake tashi da bolum kuwa yana gaba, wajen ramin shigar jita ko, a amfilifaya mai bawul, wato kwalaben gilas masu ƙara sauti, ɗaya daga ƙananan bawul irin 12AX7. Waɗannan ana iya zare su a gwada wani, bayan an kashe an bar su sun huce.

Amma buɗe cikin amfilifaya mai bawul ba aikin mai koyo ba ne. Kafasitocinta suna riƙe bolt 300 zuwa 500 ko bayan an zare ta daga bango. A kai wa mai gyara.

Kafin ka yanke mata hukunci, ɗauke ta ka kai wani ɗaki, ko gidan maƙwabci. Kuma duba ko ta zauna a kan sitabilaiza ko kusa da shi. Taransifomar da ke cikinsa tana watsa maganaɗisu sosai, tazarar mita ɗaya kawai tana iya kashe ƙugin.

Waya

Saka wayar jita a amfilifaya, sa'an nan saka jitar, amma mayar da bolum na jikin jitar sifili. A haka jitar ta rufe bakinta, duk abin da ka ji na waya ne. Girgiza wayar kusa da kowane fulogi, lanƙwasa ta, taka ta a hankali. In ta yi ƙaraf, ko ƙugi ya tashi ya sauka, an samu mai laifi.

Wayar jita tana da waya ɗaya a tsakiya mai ɗaukar sauti, da saƙar jan ƙarfe da ta kewaye ta tana kare ta. Kwance murfin fulogi ka duba: ta tsakiya tana zuwa kan fulogin, saƙar tana zuwa jikinsa. Saƙar ce ta fi tsinkewa, daidai inda ake ja. Da mitar gwaji, kai zuwa kai ya kamata ya nuna kusan sifili, jiki zuwa jiki haka, kai zuwa jiki kuma kada ya nuna haɗuwa ko kaɗan.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne amfani da wayar sifika. Fulogin iri ɗaya ne, mai kaurin milimita 6.35, amma wayar sifika ba ta da saƙar kariya, saboda haka tana kwasar ƙarar ɗaki gaba ɗaya. A gida mita 3 ta isa. Abin da ya wuce mita 6 yana ƙara ƙara, yana kuma cinye kaifin sauti.

Jitar kanta, inda aikin ya fi yawa

Yanzu buɗe bolum na jita, cire hannu daga tsirkiyoyi, saurara. Sai ka ɗora hannu. Abin da ya faru a nan yana faɗin kusan komai.

Idan ƙarar ta ragu da ka taɓa, haka ya kamata. Jikin mutum yana tara ƙarar wutar ɗaki yana watsa wa jitar da ke rungume da shi, taɓa tsirkiya kuma yana haɗa jikin da atin. Wannan yana nuna wayar da ta tashi daga jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi suke zaune a kai, zuwa atin tana nan da rai. Abin da ya rage shi ne ƙarancin kariya a cikin jitar.

Idan taɓawa bai canza komai ba, amma da ka taɓa ƙarfen fulogi ƙarar ta mutu, wayar jaki ta tsinke. A jita irin Stratocaster tana manne da ƙarfen da ke riƙe sifirin a baya, a irin Telecaster tana matse ƙarƙashin farantin jaki, a irin Les Paul tana shiga ramin ƙusar da ke riƙe tsirkiyoyi. Sa mitar gwaji tsakanin tsirkiya da goron ramin fulogi, ya kamata ka ga abin da bai wuce om ɗaya ko biyu ba.

Idan kuwa ƙarar ƙaruwa take yi da ka taɓa tsirkiya, da alama an juya wayoyi biyu na ramin fulogi, mai sauti ta koma wurin atin. Wannan yana faruwa bayan gyaran gaggawa. Goron ramin ya saki, ramin yana juyawa, waya ta tsinke, wani ya liƙe ta a gurguje a wurin da ba nata ba. A sake liƙawa daidai, a ɗaure goron ana riƙe da ramin daga ciki don kada ya sake murɗe wayoyin.

Sai kuma gwajin juyawa. Riƙe jitar, ka juya a hankali a inda kake tsaye. Idan akwai wata fuska da ƙugin yake kusan ɓacewa, wata kuma yake ƙaruwa, maganaɗisu ne yake shiga fikof kai tsaye. Fikof mai naɗi ɗaya ba ya iya bambanta kaɗawar tsirkiya da maganaɗisun taransifomar da ke kusa, duka yana mayar da su sauti. Dalilin da ya sa Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson fikof mai naɗi biyu a 1955 ke nan: naɗi biyu masu saɓa wa juna, ƙugin ɗaya yana soke na ɗayan, sautin tsirkiya kuma yana haɗuwa. Yawancin Stratocaster na yanzu suna yin irin wannan dabarar a matsayi na 2 da na 4 na makunnin zaɓen fikof. In ƙugin ya mutu a waɗannan biyun ya dawo a 1 da 3 da 5, jitar lafiyarta ƙalau, haka aka yi ta. Maganinsa nisa: matsa daga amfilifaya mita biyu, nesa da kwamfuta da sitabilaiza, ka nemi fuskar da ta fi shiru ka zauna a haka.

Kariyar ciki tana taimakawa, amma a san iyakarta. Tef na jan ƙarfe mai gam ɗin da ke wuce wuta, ko fenti mai wuce wuta shafi biyu zuwa uku, ana shimfiɗa shi cikin ramukan jita da bayan farantin roba da ke fuskar jitar. Kowane yanki ya hau kan ɗan'uwansa da kamar milimita 5, a bar ɗan leɓe a bakin rami don ya taɓa na farantin idan an ɗaure, a kuma liƙa waya ɗaya da dalma daga tef ɗin zuwa bayan abin murɗa bolum. Kariyar da ba a haɗa da atin ba aikin banza ce, wani lokaci ma tana ƙara ƙara. A lulluɓe duk wurin da waya mai ɗaukar sauti za ta iya taɓa jan ƙarfen, in ba haka ba jitar za ta yi shiru gaba ɗaya. Wannan aikin yana rage ƙara mai kaifi sosai, amma ƙugin maganaɗisu mai 50 yana ratsa jan ƙarfe siriri. Wanda ya yi shi da fatan fikof mai naɗi ɗaya zai yi tsit zai ji haushi.

Lokacin hunturu yana da nasa. Busasshiyar iska tana sa farantin roba ya tara wutar gogayya, sai a ji tas-tas duk lokacin da yatsa ya goge shi. Tef ɗin da aka shimfiɗa a bayansa yana maganin wannan. Ƙurar kuma tana shiga abubuwan murɗawa, sai su riƙa ƙaraf idan an juya. A fesa musu ruwan wanke mahaɗar lantarki ta ƴar ƙofar da ke jikinsu, a murɗa gaba da baya sau da yawa. Kada a zuba man inji.

Fedoji

Mayar da su ɗaya-ɗaya. Wanda ƙarar ta dawo da shi, gwada shi da batir mai bolt 9. In ya yi shiru da batir, caja ce. Cajar kasuwa da ba don feda aka yi ta ba ba ta tace wuta yadda ya kamata, kuma yawancin fedoji tsakiyar fuloginsu nagetif ne, akasin cajoji da yawa, saboda haka ana iya ƙona feda ma. Waya ɗaya mai rassa da ke ciyar da fedoji biyar tana aiki ga masu sauƙi da ba sa shan fiye da miliam 20. Da zarar an saka na dijital mai shan 200 ko 300 a layin, ƙararsa tana bin wayar ta shiga sauran. A ba shi cajarsa daban, ko a sayi akwatin wuta mai ƙofofi da aka raba da juna.

Fedan da ke ƙara kaushin sauti ba ya ƙirƙirar ƙugi, wanda ya tarar yake ninkawa. Rage masa ƙarfi kaɗan yakan yi abin da sayen sabon kaya bai yi ba. Fedan toshe ƙara kuma ɓoyewa yake yi idan an daina kaɗawa, sai a bar shi a ƙarshe bayan an gama gyara.

Bango, atin, da abin da ba a yi

Gidaje da yawa suna da soket mai ido uku amma idon atin ba a haɗa shi da komai ba. Alamarsa ita ce ƙugi ko'ina, da ɗan tsikari a yatsa ko a leɓe idan an taɓa tsirkiya ko makirifo. Wannan tsikarin gargaɗi ne, a ajiye jitar nan take. Mai gyaran wuta zai auna: tsakanin mai wuta da nutural kusan bolt 230, tsakanin mai wuta da atin kusan haka, tsakanin nutural da atin kuma bolt kaɗan ƙwarai. In atin babu, sai a kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa mai damshi a jawo waya zuwa allon wutar gida. A duba har wayar ƙari, da yawa daga masu araha waya biyu ce kawai a ciki.

Ƙaramin janareta da inbata mai arha da wutarsa ba ta fita sumul suna kawo ƙara mai kaifi da babu gyaran jitar da zai kawar. Gwajin mai sauƙi ne: saurara da wutar gwamnati, saurara da inbata. In bambancin a fili yake, ana buƙatar inbata mai fitar da wuta sumul, ko amfilifaya mai aiki da batir. Haka za a bi fitilu da fanka da cajoji, a kashe ɗaya a saurara.

Idan ƙugin yana zuwa ne sai an haɗa amfilifaya da wani abu mai nasa fulogin, kamar kwamfuta ko amfilifaya ta biyu, hanyoyin atin ne suka zama biyu, ƙaramar wuta tana zagaye ta cikin saƙar wayar sauti. Zare cajar kwamfuta ka bar ta a batir, in ƙugin ya tafi an tabbatar. Fara da saka kayan duka a wayar ƙari ɗaya daga soket ɗaya. In bai isa ba, a sa ƙaramar taransifomar raba sauti, ko ƙaramin akwatin haɗa kayan sauti da ake kira DI mai makunnin yanke atin, a kan wayar sauti tsakanin kayan biyu.

Abin da wasu suke yi shi ne su karya ƙafar atin ta fulogin amfilifaya, kuma ƙugin yana tafiya. Kada a yi. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin ƙarfen amfilifaya ta cikin waya. Ranar da wani abu ya lalace a ciki wuta ta taɓa ƙarfen, wayar atin ce za ta ja ta har fis ya ƙone. In an karya ta, hanyar da ta rage ita ce hannun mai kaɗawa zuwa ƙafarsa a kan siminti. Keith Relf, mawaƙin Ingila, wuta ce ta kashe shi a 1976 yana kaɗa jita a cikin gidansa. Atin na wayar sauti ake yankewa idan ta kama, na wutar bango ba a taɓa shi.