Rautar shago da za ka riƙa shiga daga gida: abin dubawa kafin ka biya kuɗi

Yanzu duk mai shago ko ƙaramin ofis yana son ko yana gida ko yana kan hanyar Abuja ya buɗe waya ya ga kyamarorinsa, ya leƙa kwamfutar da ake rubuta ciniki. Wannan ba laifi ba ne, damuwata ita ce yadda ake haɗawa. Yawancin masu saka kyamara suna buɗe wa DVR, wato akwatin da ke naɗar hotunan kyamarori, ƙofa ne kai tsaye a rauta, na'urar da ke raba intanet a shagon, abin da suke kira port forwarding, su bar sunan shiga da kalmar sirri admin/admin yadda suka zo daga kamfani su karɓi kuɗinsu su tafi. To a 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai da irin waɗannan kalmomin sirri kusan 60 kawai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da DVR da rauta a duniya, har aka yi amfani da su aka tsayar da Twitter da Netflix na wasu awoyi a Amurka. Ba sai wani ya san shagonka ba, injina ne ke zagaye intanet dare da rana suna taɓa kowace ƙofa.

Don haka abu na farko, rautar ta zama tana da VPN a cikinta, wato ita ce za ta karɓe ka ta hanya ɗaya mai makulli sannan ka ga komai kamar kana zaune a shagon. VPN iri-iri ne, nemi rautar da ke da WireGuard, shi ya fi sauƙi da sauri a waya, OpenVPN ma yana da kyau. In ka ga PPTP kaɗai a jikin kwali ajiye ta, tsaronsa ya daɗe da karyewa, Apple ma tun 2016 suka cire shi daga iPhone. Rautocin MikroTik masu manhajar RouterOS 7 suna da WireGuard, GL.iNet ma haka. Kuma don Allah kowane ma'aikaci a yi masa nasa makullin daban, ranar da yaro ya bar aiki sai ka goge nasa shi kaɗai ba sai an tada kowa ba.

Amma fa ga inda mutane ke asarar kuɗi. Kafin ka sayi komai shiga shafin rautar da kake da ita yanzu, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ne, ka duba adireshin WAN, wato wanda kamfanin intanet ya ba rautar. In ya fara da 10. ko yana tsakanin 100.64 da 100.127 to kamfanin layinka ya haɗa ku ne da mutane da yawa a adireshi ɗaya, ana ce masa CGNAT, kuma haka galibin layukan sim suke, har Starlink na gida ma. A nan ko ka kunna VPN daga waje ba za ka samu shiga shagon ba, sai ka yi ta zargin rautar alhali ba laifinta. Mafita ko dai ka nemi adireshi naka na kanka wajen kamfanin intanet ɗin, masu faiba sukan sayar, ko ka ɗauki rauta mai Tailscale ko ZeroTier, ko Back To Home na MikroTik, su waɗannan daga ciki suke fita su nemo ka shi ya sa suke aiki ko da CGNAT. Ni ga ƙaramin shago wannan ta biyun nake zaɓa, ba sai ka buɗe ƙofa ko ɗaya ba.

Sai maganar sabunta manhajar rautar. A 2018 wata muguwar manhaja mai suna VPNFilter ta shiga rauta kusan 500,000 a ƙasashe 54, da yawansu tsofaffi ne da ba a sabuntawa. Saka sunan samfurin a shafin kamfanin ka ga yaushe suka fitar da gyara na ƙarshe, in shekaru sun wuce shiru to ko kyauta aka ba ka kar ka ɗora kasuwancinka a kai, musamman 'yan gwanjo masu arha ɗin nan.

Rautar kuma ta zama tana iya raba layi. Kwastoma da ke roƙon wayfai a ba shi na baƙi, kyamarori nasu daban, kwamfutar lissafi da POS nasu daban, wanda masana ke kira VLAN. Ranar haɗawa ka tsaya a kan mai gyaran ya canza kalmar sirrin admin a gabanka kai ka rubuta da hannunka, ya kashe UPnP mai barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa, da WPS mai haɗa wayfai ba tare da rubuta kalmar sirri ba, da damar sarrafa rautar daga waje, tsaron wayfai kuma ya zama WPA3 ko aƙalla WPA2. Ƙofar 3389 ta Remote Desktop, wato hanyar sarrafa kwamfuta daga nesa, kam kar ta taɓa fuskantar intanet, ta nan masu kulle kwamfuta su nemi kuɗin fansa suke yawan shigowa.

Wuta ma ka sa ta a lissafi, in an ɗauke wuta rauta ta mutu to kai ma ka makance, ƙaramin UPS, wato batirin ajiyar wuta, ko layin inbata ya ishe ta. In da hali ɗauki rauta mai karɓar layin intanet biyu, ɗaya ya faɗi ta koma ɗayan da kanta. Kafin mai gyaran ya tafi, kashe wayfai a wayarka ka kunna data, ka gwada shiga da VPN sannan ka gwada babu shi, na biyun ya kamata ya ƙi buɗewa.