Yadda ake farfaɗo da tsohon alƙalamin Esterbrook J

In ana maganar tsofaffin alƙaluma masu shan tawada, Parker da Sheaffer ake fara ambata, ba kasafai ake tuna Esterbrook ba. Richard Esterbrook ne ya kafa kamfanin a 1858, masana'antarsa a lokacin tana Camden a jihar New Jersey ta Amurka, kuma samfurin J mai baƙin maɓalli sama da ƙasa ya fito ne a ƙarshen shekarun 1940. An ƙera shi da yawa ƙwarai don ɗalibai da akawu, shi ya sa har yau yake da sauƙin kuɗi. Ga mai koyon gyara babu kamarsa: ba a manne sassansa da gam ba, bakinsa, wato ƙarfen da ke rubutu, kuma kwancewa yake kamar noti.

Kashi uku ne: J mai kauri, tsawonsa wajen santimita 12.7, LJ mai irin wannan tsawo amma siriri, sai SJ, gajere kuma siriri. Kafin ka biya kuɗi, ɗaga marfin a haske ka bi leɓensa da farce, domin can tsaga take ɓuya. Mai tsagaggen marfi ko ganga, wato jikin alƙalamin, bar shi sai dai don cire kaya. In ka taɓa libar da ke gefe, wato ɗan ƙarfen da ake ɗagawa a sha tawada, ka ji ta ƙi tashi, kada ka tilasta mata. Jakar robar da ke riƙe tawada a ciki ce ta bushe ta zama dutse, ja da ƙarfi kuma zai lanƙwasa libar. Girgiza shi kusa da kunne: ƙarar tsakuwa-tsakuwa ita ce ɓarɓashin tsohuwar jakar, ba wani abin damuwa ba.

Kayan aikin ba su da yawa: sabuwar jakar roba lamba 16, shalak na ruwa (wani irin gam mai saki da ɗumi), hodar talk zalla, na'urar busar da gashi, guntun tiyub na keke, almakashi, tsinken sakace, siririyar waya mai ƙugiya da ƙaramar tocila. Lamba 16 na nufin faɗin kashi 16 cikin 64 na inci, wato kusan milimita 6.4.

Aiki mafi haɗari shi ne cire wuya, baƙin ɓangaren nan da yatsu ke riƙewa. Cusa shi kawai aka yi cikin ganga, ba shi da zare irin na noti. Bar bakin a ɗaure a jikinsa, domin shi ke tokare wuyan daga ciki, ya hana shi murƙushewa. Hura iska mai ɗumi a mahaɗar kana juya alƙalamin, kamar sakan 30 zuwa minti 1. Zafin da ake so bai wuce digiri 60 ba. Ma'auninsa a hannu: in ka kai wurin kusa da leɓenka ka ji ba ka iya jurewa, ya yi yawa. Ban da ashana, ban da kyandir, ban da ruwan zafi. Robar jikinsa lanƙwashewa take, launinta ya dushe. Naɗe wuyan da tiyub, riƙe gangar daf da bakinta, ka ja a miƙe kana ɗan murzawa kaɗan-kaɗan. Kada ka karkata shi hagu da dama kamar mai cire haƙori, nan ne bakin ganga ke tsagewa. Ya ƙi? Sake ɗumamawa. Wani sai an yi zagaye biyar ko shida.

Da ya fito, zazzage gangar, ka bi ragowar da wayar nan a hankali. Haska tocila za ka ga wani siririn ƙarfe kwance a ƙarƙashin libar, ƙarshensa a tanƙware kamar harafin J. Shi ke matse jakar in an ɗaga liba. In yana dawowa da kansa, ƙyale shi. In tsatsa ta cinye shi ko ya karye, ciro shi ka sa sabo, ka tabbata doguwar fuskarsa ta daidaita da libar. Wasu J suna da ɗan tiren roba da jakar ke kwanciya a kai; mayar da shi yadda ka same shi. Gangar kuwa kada ta shiga ruwa, ƙarfen cikinta ne zai yi tsatsa.

Yanzu kwance bakin. In tsohuwar tawada ta kama shi, jiƙa wuyan da bakin cikin ruwan sanyi ya kwana. Mai taurin kai, a haɗa amoniya ta wanke-wanke kashi 1 da ruwa kashi 10, a jiƙa na ɗan lokaci, a ɗauraye sosai. Kankare ragowar roba da tsohon shalak daga ɗan nonon da ke bayan wuya har ya yi sumul. Guntu ɗaya da ya rage zai bar hanyar iska, alƙalami ya riƙa ɗiga.

Awon jaka haka yake: zura ta cikin ganga, rufaffen kai a gaba, har ta taɓo ƙarshe, ka yi alama daidai bakin gangar. Daga alamar, rage tsawon sashen wuya da ke shigewa ciki kafin ɗan nonon, ka ƙara rage milimita 3. A J abin da ke saura yakan kama wajen santimita 5. Yanka a miƙe. Jakar da ta yi tsawo naɗewa take a ƙarshe, ta ƙi cika.

Shafa shalak siriri a kewayen nonon da tsinke, kada ya shiga ramin tawada. Saka bakin jakar ka jawo shi ya rufe nonon duka, ka daidaita ta ta tsaya cak. Ba ta aƙalla minti 30, kwana ya fi. Sufa gulu ba ya wannan aiki: yana wahalar da mai gyara na gaba, domin ba ya saki da ɗumi kamar shalak. Sannan bi jakar da hodar talk don ta zame kada ta manne da ƙarfe. Hodar jarirai da ta kwalliya suna da turare da wasu haɗe-haɗe masu lalata roba, a guje su. Ɗan ɗumama bakin ganga, ka tura wuyan a miƙe, babu gam.

Gwada da ruwa tukuna. Nutsa bakin duka har ya taɓo wuya, ɗaga liba, kumfa za ta fito. Mayar da libar, ƙirga goma kafin ka ɗago. Sake ɗaga libar a kan kofi: ruwa ya fito da ƙarfi, aiki ya yi. Ɗigo biyu-uku kawai, to iska na shiga ta mahaɗar jaka, ko bakin bai ɗauru sosai ba.

Bakunan Esterbrook, da kamfanin ya kira Renew-Point, suna ɗauke da lamba a jikinsu, kuma kowanne na shiga kowane J. Jerin 2000, irin 2556 mai siririn rubutu da 2668 matsakaici, ƙarfe ne zalla aka naɗe tsininsa, don haka yana cinyewa. Duba shi da gilashin ƙara girma, in tsinin ya baje, sauya shi. Jerin 9000, irin 9556 da 9668, an ɗora musu ƙwayar ƙarfe mai tauri a tsini, sun fi ƙarko. Lamba 9128 mai lanƙwasa ce, layi na faɗi in an danna, ita ce masu tarawa ke farauta.

Tawada kuma, sai ta alƙalamin ruwa, kamar Quink ta Parker ko Pelikan 4001. Tawadar allo da ake haɗawa da ƙaro, da baƙar tawadar zane, duk toshe siririyar hanyar da ke ƙarƙashin bakin suke in sun bushe. Kada a bar shi a mota cikin rana: iskar da ke jakar kumbura take ta turo tawada cikin marfi, robar kuma ta yi saurin tsufa. In za a ajiye shi fiye da wata guda, a zubar da tawadar, a ɗauraye da ruwa har ya fito fari, a bar marfin a buɗe ya kwana.