Kafin ka kawo baƙi ganin tarihin yaƙin Tirmini

Na gaji da ganin samari suna jan baƙi zuwa Birni, tsohuwar unguwar Zinder, su tsaya ƙofar fada a ɗauki hoto, a ce an ga tarihin Damagaram. To ga inda ake tuntuɓe.

Babban kuskure, wanda ni ma ya taɓa zubar mini da mutunci, shi ne zuwa da tarihin aro a baka. Wata shekara na rako wasu abokai daga Kano, ina ta zuba musu bayani a zauren fada, har na ce Damagaram ƙarƙashin Sakkwato take. Wani dattijo da ke zaune gefe ya ɗago ya ce, “Yaro, ɗan wane gida ne kai?” Na faɗa. Ya ce, “To ka koma ka tambayi kakanka wa ake kai wa gaisuwa, Borno ko Sakkwato.” Borno ce. Ga shi gaban Kanawa, mutanen da Damagaram ta sha kai wa yaƙi! Har yau in sun kira ni sai sun ce Malam Sakkwato. Tun daga ranar ba na buɗe baki sai mai wurin ya gama, kuma goro ba ya barin aljihuna.

Na biyu, cakuɗa labari biyu. Kisan Kyaftin Kazamaju, sojan Faransa da aka kashe a Zinder, a 1898 ne, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Yaƙin Tirmini kuwa, garin da ke yamma da Zinder inda Faransawa suka ci rundunar Damagaram, sai Yulin 1899, lokacin da ragowar ayarin Faransawan nan da ya ƙone Birnin Ƙonni ya iso ta yamma. Shekara guda ce tsakani, kuma na farkon ne ya ba su hujjar na biyun. Haba jama'a, wannan ma sai an yi muku allo? Ku fara da Sarki Tanimu, mai garu da ƙera igwa a nan garin, sannan baƙo zai gane wace irin daula aka buga a Tirmini.

Kada ka ɗaga waya wajen barikin da ke kan dutse, wurin soja ne. Cire takalmi in an ce ka cire. Gaida dogarai kafin tambaya.

Tirmini kanta, ni da sassafe nake zuwa, in yi ciniki da mai kabu-kabu zuwa da dawowa tun daga gari. Kada ka sa ran ganin kwali da rubutu ko'ina. Nemi tsofaffin garin, ka zauna kan tabarma, ka bar su su nuna maka da hannu.