Yadda za ki yi digiri daga gida ga yara a gabanki

Semistar farko da na yi rijista kwas shida na kwasa, shida fa, ga yarinya 'yar wata bakwai a hannu, ga yayanta ɗan shekara uku da ba ya iya zama wuri ɗaya. A lissafina in sun yi barci zan zauna in yi awa huɗu kowane dare. Sati biyar lissafin yana tafiya daidai, ana shiga na shida mura da zazzaɓi suka rufe ƙaramar, dare huɗu ina tsaye ina jijjiga ta, kafin in dawo hayyacina wa'adin asayimen biyu ya wuce, kwas ɗaya ma sai da na maimaita shi. Na yi kuka sosai wallahi. Amma a nan na gane abin da nake so ki riƙe, 'yar'uwa: kar ki gina karatunki a kan satin da komai yake lafiya lau, ki gina shi a kan satin da yaro zai kwanta ciwo, don wannan satin yana nan tafe. In kai uba ne da renon yara ya hau kanka, duk abin da zan faɗa naka ne kai ma.

Mataki na farko, tun kafin ki cire ko sisi, ki tabbatar makarantar ta gaske ce. Karatu daga nesa ba yau aka fara shi ba, Jami'ar Landan tun 1858 take ba wa ɗaliban da ba sa zama a ajinta damar yin digiri, jami'ar UNISA ta Afirka ta Kudu ta fara koyarwa daga nesa a 1946, ta nan ma Nelson Mandela ya kammala digirinsa na shari'a a 1989 yana tsare. Akwai Open University ta Ingila da aka kafa a 1969, akwai jami'ar IGNOU ta Indiya tun 1985, akwai NOUN, jami'ar karatu daga nesa ta Najeriya. Amma a gefen waɗannan akwai 'yan damfara da shafi mai ƙyalli a intanet. Ki shiga shafin hukumar da ke kula da jami'o'i a ƙasarki ki nemo sunan makarantar da idonki, sannan ki duba shi kansa kwas ɗin ko an amince da shi, musamman in aiki ne mai buƙatar lasisi kamar koyarwa ko jinya. Duk wanda ya ce zai ba ki digiri a wata shida babu jarrabawa, ki rufe shafin kawai.

Na biyu shi ne lissafin awa, kuma a nan mafi yawanmu muke yaudarar kanmu. Bari in ba ki ma'aunin Open University don a fili suke faɗar nasu: digiri cikakke kiredit 360 ne, kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas, kowane kiredit ɗaya kusan awa 10 ne na karatu. Mai ɗaukar rabin kaya, wato kiredit 60 a shekara, ana ce mata ta ware awa 16 zuwa 18 a sati, kuma shekara shida za ta yi kafin ta gama. Makarantarki ƙila tsarin kiredit ɗinta daban ne, amma ki tambaye su kai tsaye, awa nawa a sati kwas ɗaya yake ci?

To sai ki ɗauki takarda ki yi sati guda cur kina rubuta inda lokacinki yake tafiya, ba yadda kike fata ba, yadda yake. Ƙarfe nawa yaran suka yi barci jiya, ƙarfe nawa ke kika samu zama, kuma da kika zauna ɗin kanki yana ɗaukar karatu ko idonki ne kawai a buɗe? Ni da na yi wannan da gaskiya awa tara na samu, ba ashirin da takwas da na yi wa kaina alkawari ba. Duk abin da kika samu ki cire kashi ɗaya cikin huɗu ki ajiye shi gefe, wannan na ciwo ne da baƙi da ranar da jikinki ya ƙi. Abin da ya rage shi ne zai gaya miki kwas nawa za ki ɗauka, ba zuciyarki ba, ba kuma ƙawarki da ba ta da yara ba.

Na san abin da ke cizon rai a nan, shekara shida ta yi tsawo. Amma shekarun nan za su wuce ko kin yi karatun ko ba ki yi ba, kuma wadda ta kwashi kaya da yawa ta faɗi biyu ta maimaita, ta biya kuɗi sau biyu, ba ta riga ki gamawa ba. Ki fara da kaɗan, in semistar ta tafi salin alin sai ki ƙara ɗaya.

Ranar rijista akwai tambayoyin da ba a cika yi ba sai an shiga uku: in yaro ya kwanta asibiti ana ƙara wa mutum kwanaki a kan asayimen, kuma wace takarda ake kawowa? Ana iya ɗage semista guda in haihuwa ta zo? Shekara nawa ne iyakar da aka ba ɗalibi ya gama? Lakca kai tsaye ake yi dole sai kina nan, ko ana naɗa a ajiye ki kalla daga baya? Jarrabawa a gida ake yi ko sai an je cibiya? Ki rubuta amsoshin ki adana.

Daga nan sai zama da mutanen gida. Kar ki ce wa maigida ko duk wanda kuke zaune tare "ina so a riƙa taimaka min", wannan maganar iska ce take kwashe ta. Ki faɗi rana da awa. Asabar daga ƙarfe tara zuwa sha biyu yaran suna hannunka, ni ina ɗaki, in ba jini aka gani ba kar a ƙwanƙwasa. In ke kaɗai ce da yaran, ki nemi wata uwa ku yi musaya, ki riƙe nata awa uku ta riƙe naki awa uku. Kuma da zarar jadawalin jarrabawa ya fito, ranar ki nemi mai riƙe yara, ki kuma nemi na biyu ko da na farkon zai samu uzuri.

Yanzu ga inda ya fi canja min karatu. Lokacin uwa iri biyu ne, akwai gutsattsari akwai dunƙule, kuma kowanne da aikinsa. Gutsattsarin su ne minti goma kina shayarwa, minti ashirin kina jiran a tashi yaro daga makaranta, lokacin wanki ko ninke kaya. Waɗannan ba na rubuta asayimen ba ne, in kika gwada haushi kawai za ki ji. Na sauraron lakca ne da abin kunne a kunne ɗaya, ɗayan a buɗe saboda yara, na duba ƙananan katunan tambaya ne, na karanta shafi biyu. Dunƙulen kuma, awa biyu ko uku da babu mai kiran "Mama", shi ne zinarenki, kar ki kashe shi wajen saukar da fayil ko gyara tebur ko leƙa guruf ɗin WhatsApp na 'yan aji. Rubutu da lissafi da duk abin da ke buƙatar kai ya nutsu, nan ne wurinsu. Kafin ki tashi daga kowane zama ki rubuta layi ɗaya: gobe zan fara daga sakin layi na uku, misalin nan ya rage. Layin nan shi ke hana ki ɓata rabin awa kina neman inda kika tsaya.

Batun dare ko sassafe ki gwada duka biyun sati ɗaya ɗaya ki ga wanda kanki ya fi ɗauka. Abin da ba zan ba ki shawara ba shi ne cin duka biyun, ki kai ƙarfe ɗaya na dare ki kuma tashi ƙarfe huɗu. Cikin barci ƙwaƙwalwa take daidaita abin da aka karanta, kuma uwar da ba ta yi barci ba yaranta ne suke fara shan faɗan.

Kayan aiki ba sai masu tsada ba. Ki sauke duk littattafan kwas da bidiyo a farkon semista yadda ko babu netwok za ki karanta, ki ajiye kwafin kowane rubutu a Google Drive ko ki tura wa kanki ta imel, don ƙaramin hannu da kofin ruwa sun isa su kashe kwamfuta a daƙiƙa ɗaya. Ki sa wa na'urar lambar sirri.

Wajen karatun kansa, maimaita karanta shafi sau biyar yana sa ki ji kamar kin iya, alhali ba ki iya ba. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a farko farko bayan an koyi abu, daga baya ta lafa. Don haka ki rufe littafin ki faɗi abin da kika karanta da bakinki, washegari ki sake, bayan kwana uku ki sake, bayan sati ki sake. Ni jaririyata nake yi wa bayani, tana kwance tana kallon bakina ina zayyana mata darasin, duk inda na yi tuntuɓe na san nan ne ban gane ba, sai in koma in buɗe wurin.

Sai maganar wa'adi. Duk ranar da aka ce a miƙa aiki, ki rubuta a kalandarki kwana huɗu kafin nan, ki ɗauka ita ce ta gaskiyar. Kwana huɗun nan su ne za su cece ki a satin da na faɗa miki tun farko. In satin ya zo kuma, kar ki tsaya kina raba hankali biyu, yaron shi ne gaba. Ki ɗauki minti biyar ki rubuta wa malaminki tun wa'adin bai wuce ba: ɗana ba shi da lafiya tun ranar kaza, na yi rabin aikin, ina neman ƙarin kwana kaza, ga takardar asibiti. Gajere, babu dogon ban haƙuri. Kuskurena a waccan semistar kenan, kunya ta hana ni magana sai da komai ya wuce, lokacin kuma ƙa'ida ta riga ta ɗaure hannun malamin. Da yaron ya warware kar ki ce sai kin karanta duk abin da ya wuce ki layi layi, ki fara da abin da ke da maki, sauran ki bi su a gutsattsarin lokaci.

Su ma yaran ki sa su a ciki daidai shekarunsu. Ɗan shekara uku bai san "ina da asayimen" ba, amma ya san agogo in ya yi ƙara. Nakan saita minti 25 in ba shi nasa littafin zane da fensir ya zauna gefena, in ce in agogo ya yi kuka lokacinka ne, kuma in ya yi kukan sai in rufe littafin da gaske in juyo gare shi, ko da ina tsakiyar jimla. Da ya ga ba na saɓa alkawarin sai ya daina jan zanina kowane minti biyu. Ki ware masa kwali guda na kayan wasa da ba a fito da shi sai lokacin karatunki, in an gama a mayar.

Sati biyu kafin jarrabawa ki nemo tambayoyin shekarun baya ki amsa su da agogo a gabanki. In a gida za ki rubuta ta intanet ana kallonki ta kyamara, ki karanta ƙa'idar da kyau, don da yawa ba sa yarda wani ya shigo ɗakin ko a ji magana, yaro ya faɗo da gudu zai iya jawo miki tuhuma. Ranar a fita da su daga gidan gaba ɗaya, ki yi cajin komai tun dare, ki gwada kyamara da makirfo, katin shaidarki yana kan tebur, ki shiga fotal ɗin, wato shafin makarantar na intanet, da saura rabin awa.